Buta a ƙarƙashin mayafi

A ƙauyenmu, can gefen Illela, mace ba ta zagayawa da rana. Haka na tashi na tarar. Tun duhun asuba mata suke fita bayan gari, biyu-biyu ko uku-uku, kowa ta lulluɓe butarta a cikin zane, su dawo kafin maza su fito daga masallaci. In abin ya kama ki da hantsi, sai ki daure har magariba. Kakata takan ce ɗiya mai hankali ba a sanin lokacin da ta ci, ba a sanin lokacin da ta zagaya. Ina da shekara 7 na riga na iya matsewa. Da aka sa ni lakwal kuma na ƙware, don masan makarantarmu ba shi da ƙofa, kuma yaran maza suna ƙwallo a gabansa.

Na faɗi wannan ne don a san cewa ciwon da zan ba da labarinsa bai fara da ɗaukar ciki ba. Cikin ya tarar da hali ne a zaune.

An kawo ni Tawa a 2019, gidan yawa. Mu 14 ne a gidan har da yara, masai guda ɗaya, kuma yana kusa da zaure, daidai inda surukina yake shimfiɗa tabarmarsa a inuwar bedi. Daga hantsi har la'asar yana nan da carbinsa da rediyonsa, abokansa na zuwa suna tafiya. Ke amarya, ki ɗauki buta ki ratsa ta gabansu? Ko ƙarar zuba ruwa a buta kunya take ba ni. Sai na koma tsarin ƙauye, asuba ko tsakar dare. Maigidana kuwa, kamar yawancin mazan Adar, ɗan biɗa ne. Abijan yake. Yakan zo da kaka ya yi wata biyu ko uku ya koma. A ƙarshen 2020 ya koma ya bar ni da ƙaramin ciki da keken ɗinki.

Laulayin farko bai dame ni sosai ba, don wannan ciwo ne da ake iya faɗa. In kin yi amai kowa zai ce sannu, a kawo miki tsamiya ko goruba. Ƙwannafi ma an san shi, har tsofaffi su ce ɗan ne mai yawan gashi. Wanda ba ya faɗuwa shi ne na ƙasa. Daga wata na huɗu na fara yin kwana uku ban zagaya ba, ciki ya kumbura ya yi tauri kamar ganga, ga iska ta cika shi.

Da na fara zuwa awo aka ba ni jajayen ƙwayoyin ƙarin jini, aka ce ɗaya kullum, da maganin rigakafin zazzaɓin sauro da ake sha a gabansu, da gidan sauro. Mata sun fi 50 a layi ranar, ungozomar kuma ita kaɗai. Ta auna ni, ta rubuta a karne, ta ce akwai wata damuwa? Bayana wata mata ce a tsaye, har numfashinta ina ji a wuyana. Na ce babu. Kwana huɗu da fara shan ƙwayar na ga bayan gidana ya koma baƙi ƙirin, ga shi ya ƙara tauri. Gabana ya faɗi. Na ɗauka wani abu ne ya ƙone a cikina, ko abin da ke cikin ne ya lalace. Ba wanda ya gaya mini cewa sinadarin ƙarfen da ke cikin ƙwayar ne yake baƙanta shi, kuma wannan ba ciwo ba ne. Sai na yanke wa kaina hukunci. Duk wata in karɓo, in zuba su a aljihun keken ɗinki tare da maɓallai da allurai. In an tambaye ni in ce ina sha.

Azumin 2021 ya kama a tsakiyar Afrilu. Wanda ya san Tawa a watan Afrilu da Mayu ba sai na yi masa bayani ba, zafin da ruwan randa ma yake ɗumi, tabarma ta ƙona ka da dare. Cikina wata shida. Na san addini ya yi mini rangwame, amma kishiyoyin sauri biyu da ke gidan suna yi, ɗaya ma tana goyo, ni kuma ba na so a ce 'yar ƙauyen nan raguwa ce. Ga ɗinkin salla ya taru. Daga safe har ƙarfe ɗaya na dare ina kan kujerar katako ina taka keke, ba tashi, ba ruwa. In an sha ruwa in cika cikina da ƙanƙara da lemun leda, in ɗan taɓa shinkafa ko taliya, shi ke nan. Sai da na yi kwana shida cur ban zagaya ba.

Wata mai tallar magani da ke shigowa gidanmu ran Lahadi, ranar kasuwa, na ja ta gefe na ce mata ƙanwata ce cikinta ya ɗaure. Ta ba ni ƙullin filasko na dala ashirin, ta ce a tafasa a sha kofi guda. Ni da na matsu, kofi biyu na sha. Wajen ƙarfe uku na dare cikina ya fara murɗawa kamar ana matse wanki. Na yi ta zufa, na dafa bango na isa masai. Abin da ya fara fitowa kamar dutse ne, kuma na ji lokacin da wani wuri ya tsage, kamar an ja reza. Na ciji mayafina don kada a ji ni. Da na haska fitilar waya na ga jini ja wur. Murɗar ba ta tsaya ba har asuba, har na ɗauka naƙuda ce ta zo ba lokaci ba. Uwar mijina ta ji motsina ta leƙo.

"Mi as same ki, ɗiyata?"

"Ba komai, Inna. Sahur ne bai karɓe ni ba."

Daga wannan dare na shiga wani irin zagaye da sai daga baya na gane shi. Zagayawa akwai zafi, don haka ina gudunta. Ina gudunta, abin yana ƙara bushewa a ciki. In ya zo dole sai ya sake yaga wurin da ya fara warkewa. Bayan na fito kuma raɗaɗin yana kai awa biyu ko uku, kamar an zuba barkono. Sai na zo da dabarar da nake gani wayo ce: in rage ci, don abin da bai shiga ba ba zai nemi fita ba. Mai ciki wata bakwai tana ƙirga loma.

Bayan ƙaramar salla aka kai ni gida goyon ciki. Na haihu kamar mako biyu bayan Layya, ana tsakiyar damina. Naƙudar ta yi tsawo, kwana guda da wuni a gida kafin a samo motar da ta kai ni likita. Yarinyar babba ce, na ƙaru sosai, aka yi mini ɗinki. Kashegari aka sallame mu. An gaya mini yadda zan kula da cibiyarta, an gaya mini ranar allura. Zancen yadda zan zagaya da ɗinki a jikina bai taso ba, ni kuma ban tambaya ba.

Jego a wurinmu gata ne, ba zan ce ba gata ba. Safe da yamma a tafasa ruwa a babbar tukunya, gwaggona ta tsoma ganyen bedi ta dinga fyaɗa mini, a kawo kunun kanwa mai zafi, a kawo nama da yaji. Ga soyayyen naman layya cike da kwano, an adana mini shi musamman. Kowa burinsa in ci in yi ƙiba, nono ya zo. Ni kuwa duk tsokar da na kalla, abin da nake gani shi ne ranar da za ta fita. Ina tsoron in yi nishi ɗinkin ya ɓalle. Har aka yi suna ban zagaya ba. Ranar sunan an yi mini lalle, an sa mini sabon leshi, mata cike da gida ana ta barka, ni ina zaune a gefe guda na ɗuwawu ina murmushin dole, cikina kamar an cusa mini tubali. Da daren na kasa daurewa. Abin da ya faru a bayan ɗakin Innata ba zan iya rubuta shi duka ba. Na dai yi kuka irin wanda ban yi a ɗakin haihuwa ba, kuma na fito da wani tsiro a wurin, wanda na san sunansa basir amma ban taɓa zaton zai zo kaina ba.

Sai wani sabon abu ya ƙaru. Iska ta daina yi mini sallama. In na tashi, in na yi tari, in na sunkuya ɗaukar yarinya, sai ta fita ba da sanina ba. Wani lokaci har da ɗan ƙazanta a zane. Rannan a gaban ƙannen babana biyu da suka zo barka abin ya faru. Ba wanda ya ce uffan, ɗaya ma ya yi kamar yana gyara hularsa. Daga ranar na daina fitowa gaida baƙi. Aka ce kunyar 'yar fari ce take damuna, har ana yaba mini.

Da na yi arba'in na koma salla, nan ne hankalina ya fi tashi. In yi alwala, kafin in kai raka'a ta biyu ta karye. In sake, ta sake karyewa. Akwai azahar ɗin da na yi alwala sau biyar, na ƙarshe na zauna a kan dardumar na rasa abin da zan ce wa Allah. Na fara tunanin ko wani laifi na yi, ko an yi mini wani abu ne a gidan miji.

Aka mayar da ni Tawa da gara da komai. Na koma wa masai guda da tabarmar surukina. A lokacin kasuwa ta yi wa maigidana nauyi, kuɗin da yake aikowa ya ragu, saƙonsa na murya a WhatsApp ya zama gajere. Ban san me ke tsakanin waya da hanji ba, amma da na ji ƙarar shigowar saƙo sai cikina ya juya. Wani mako ya ɗaure, wani mako ya sake kamar famfo, musamman in an yi 'yar magana a gida. Barci ya ƙaurace. Yarinya ta kama nono ta saki ta tsala kuka, don ba abin kirki a ciki. Ina kallonta wani lokaci in ji kamar ɗiyar wata aka ba ni riƙo. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai, kuma shi ne wanda na fi ɓoyewa. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Ni nawa na hana shi tuwon, na cika shi da sirri.

A watan Nuwamba, sanyi ya fara shigowa, na kai yarinyar allurar mako 14. Benci ne na ƙarfe, kowa ta zauna, ni ina tsaye da goyo. Wata ungozoma dattijuwa, ba wadda na saba gani ba, ta wuce ni sau biyu. Na uku ta tsaya, ta ja fatar idona ƙasa da yatsa, ta kalli tafin hannuna.

"Ke, biyo ni."

Ta rufe ƙofa, abin da ba a taɓa yi mini ba a likita. Ta karɓi yarinyar ta ba wata. Sai ta tambaye ni kai tsaye, da sunan abin, ba zagaye-zagaye: kwana nawa nake yi ban yi kashi ba, akwai jini, ina iya riƙe tusa? Na sunkuyar da kai na ce, "Madam, lafiya lau nake." Ta ce, "Ɗiyata, ranar wanka ba a ɓoyon cibiya. Na ga yadda kike tsayuwa." Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na faɗi na ƙwayoyin aljihun keke, na faɗi na filasko, na faɗi na alwala. Ba ta yi mini faɗa ba sai a kan abu ɗaya, rage cin abinci. Nan kam ta ɗaga murya.

Ita ce ta fara yi mini bayanin jikina, ina da shekara 23. Ta ce in mace ta ɗauki ciki, jiki yana ƙara wani sinadari da ke sassauta mahaifa don ta riƙe ɗa, kuma shi ne yake sassauta hanji ya rage masa sauri. Abinci ya daɗe a hanji, hanji ya tsotse ruwansa, ya bushe. Ga mahaifa tana girma tana danne hanjin da jijiyoyin jini na ƙasa, shi ya sa basir ya yi yawa ga masu ciki da masu jego. Ƙwayar ƙarin jini takan ƙara taurin, gaskiya ne, amma maganin wannan shi ne a faɗa a gyara yadda ake sha, ba a daina ba. Ta ce filasko yana tilasta wa hanji ne da murɗa, ba abin da mai ciki za ta sha da ka ba ne, balle kofi biyu. Da ta duba ni ta ce abu uku ne: tsagewa a bakin dubura, wadda ita ce mai zafin reza, da basir, da kuma raunin naman da ke riƙe wurin, daga ƙarin da na yi wajen haihuwa. Aka ɗebi jinina, awon ya nuna 8. Ta ce mace mai lafiya ya kamata ta kai 12.

Ta kuma tambaye ni ko ina barci, ko ina kuka ba dalili. Ta ce hanji da ƙwaƙwalwa akwai jijiya a tsakaninsu, shi ya sa tsoro yake sa gudawa, damuwa ta ɗaure ciki, kuma baƙin cikin bayan haihuwa ciwo ne da aka sani, ba rashin imani ba ne, ba kuma rashin son ɗa ba. Na daɗe ina juya wannan magana.

Takardar maganin ba ta kai jika biyar ba. Wani ruwa mai zaƙi mai suna laktuloz da ke jawo ruwa cikin hanji ya tausasa bayan gida, ta ce ba ya cutar da mai shayarwa. Sai man shafawa, sai ƙwayar ƙarin jinin da na gudu. Sauran duk a gida suke: in zauna a ruwan ɗumi a baho minti goma bayan na zagaya, ɗumi kawai, ba mai ƙuna irin na jego ba. In ajiye gorar ruwa kusa da ni, duk lokacin da yarinya ta kama nono ni ma in sha. Kwaɗon zogale, miyar kuɓewa da ta kuka, wake, furar hatsi da ba a tankaɗe dusarta duka ba, mangwaro ko gwanda in an samu. In rage yaji, in bar kanwa, don ta ce yawanta yana wahalar da zuciyar mai jego. In tashi daga kan keke duk bayan awa guda in taka. Ta koya mini matse naman ƙasa kamar mai riƙe tusa, in ƙirga biyar in saki, sau goma, safe da rana da dare. Ta ce in wata uku suka wuce ban ga sauƙi ba, ko jinin ya ƙaru, ko ya zo gauraye da bayan gidan, ta tura ni wurin babban likita don akwai gyaran da ake yi da tiyata. Na ƙarshe kuma shi ne mai wuyar: da zarar na ji, in tafi, ko sarki ne a ƙofar.

Kwana uku ina shirya yadda zan gaya wa uwar mijina. Na same ta tana gyaran wake bayan isha'i, na zauna na kama tayata, na faɗa ina kallon faifai. Ta yi shiru har na yi nadama. Can ta ce, "Tun haihuwar mijinki nike da shi. Shekara talatin da ɗoriya. Kin ga ban zama bisa kujera in ba da matashi ba?" Wallahi na gani, kullum, na ɗauka tsufa ne. Muka ci gaba da tsintar wake, ba wadda ta ƙara magana.

Ban san me ta gaya wa tsohon ba. Na dai wayi gari na ga tabarmarsa ta koma ƙofar gida, wajen zaure. Shi da ni ba mu taɓa zancen ba har ya rasu, Allah ya jiƙansa. Maigidana kuma na yi masa saƙon murya na minti huɗu, na goge, na sake yi, na tura na kashe wayar. Da ya zo da kakar 2022, kuɗin da ya tara don sayen talabijin da su aka haƙa masai na biyu a bayan ɗakunan mata.

Zancen alwala, malamarmu ta islamiyya ce ta warware mini. Ta ce malaman mazhabarmu ta Malikiyya sun yi bayaninsa tun da daɗewa, sunansa salasi: abin da yake fita ba da ikon mutum ba kuma ya lazimce shi yawancin lokaci, ba ya karya alwala, sai dai an so ya sabunta ta ga kowace salla. Wata uku na yi ina wahalar da kaina a kan abin da yake rubuce a littafi.

Tsagewar ta warke cikin wata biyu. Nono ya dawo, yarinyar ta yi kumatu, kuma wata safiya ina yi mata wanka ta kama yatsana ta yi dariya, na ji abin da na yi ta jira tun ranar da aka haife ta. Riƙe iskar ya ɗauki kusan shekara, kuma har yau in na yi atishawa mai ƙarfi sai na yi hattara. Basir ɗin yana nan, yakan gaishe ni in na yi sakaci da ruwa ko na kwana a kan keke lokacin ɗinkin salla. Cikina na biyu, a 2023, ranar awon farko na faɗi komai tun kafin a tambaye ni, ƙwayoyina na shanye su tas, azumin shekarar kuma na rama shi daga baya. Inna uwar mijina ma na raka ta likita, da ƙyar, sai da na ce mata ni ce ba na jin daɗi.

Kwanan baya muna da baƙi, matan unguwa sun zo awon ɗinki, ɗaki cike. Babbar ɗiyar tawa ta shigo da gudu daga wasa ta tsaya tsakiyar ɗaki ta ce da ƙarfi, "Mama, kashi nike ji!" Wata dattijuwa a cikinsu ta ce, "A'a, ke! Ɗiya mace ba ta faɗin haka." Na ajiye tef ɗin awo, na ce su ba ni minti biyu. Butar tana bakin ƙofa. Na cika ta a randa, na kama hannun yarinyar muka ratsa tsakar gida.